Yadda Ɗan Kasuwa Zai Tsare Jarinsa Bayan Haɗarin Mota

Jos. Duk direban da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, watau gangaren nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke cikin ƙaramar hukumar Riyom, inda hanya take saukowa daga kan tsaunukan Filato. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, saboda haka yawancin motocin da suke ɗaukar dankalin Turawa, ko kabeji da karas da tumatir daga kasuwar Faringada, su nufi Abuja ko kudancin ƙasar nan, tilas ne su sauka wannan gangare da nauyinsu. A nan ne birki yake shanyewa, a nan ne kuma 'yan kasuwa da dama suka yi asarar jarin shekaru cikin ƙiftawar ido.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna cewa sama da mutum 5,000 ne suka rasa rayukansu a kan hanyoyin Nijeriya a shekarar 2023, haka kuma a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a faɗin duniya ta wannan hanya, kuma haɗurran mota suna cinye wa yawancin ƙasashe kimanin kashi 3 cikin 100 na dukiyar da suke samarwa. To amma ga mai mota, asarar ba ta ƙarewa a wurin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Abin da yake biyo baya, watau zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da asibiti da kotu da kamfanin inshora, sau da yawa yakan fi haɗarin kansa cin dukiya. Abubuwa biyu ne suke yanke yawan wannan asara: irin takardun da ke hannun mai mota, da kuma kiyaye wa'adin da doka ta gindaya.

Asalin Dokar Inshorar Mota

Ingila ce ta wajabta wa masu motoci sayen inshora a 1930, Turawan mulki kuma suka kawo irin wannan tsari Nijeriya da dokar 1945, wadda ta fara aiki a 1950. Manufar dokar ita ce kada wanda mota ta buge ya rasa diyya don kawai direban ba shi da hali. Ana kiranta inshorar mutum na uku, domin kuwa mai mota shi ne na farko, kamfanin inshora na biyu, wanda aka yi wa ɓarna kuma shi ne na uku. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi diyyar ɓarnar dukiya har zuwa Naira miliyan 1, bayan diyyar rai da ta rauni da aka riga aka tanada. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, ta kuma bar wajabcin inshorar mota a inda yake.

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM, da aka kafa a 1997, ita ce take ƙayyade farashi. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar motar shiga daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Motar da ɗan kasuwa yake ɗaukar kayansa na kansa da ita an sa mata Naira 20,000 da iyakar Naira miliyan 5. Manyan motocin dakon kayan jama'a, irin su tirela da gingimari, Naira 100,000 da iyakar Naira miliyan 5. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000 da iyakar Naira miliyan 2, babur kuma Naira 3,000 da iyakar Naira miliyan 1.

Wajibi ne mai mota ya fahimci cewa wannan inshora ba ta gyara masa tasa motar, ba ta kuma biyansa kayan da ke cikinta. Wanda yake son a gyara masa motarsa ko a biya shi in ta ƙone ko an sace ta, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Kayan da aka loda kuwa suna da tasu inshorar daban, ta kaya a kan hanya. Rashin rarrabe waɗannan uku shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi cewa kamfanonin inshora ba sa biya.

Takardar Gaske Da Ta Jabu

Shekaru da yawa masu motoci sun ɗauki takardar inshora a matsayin abin nuna wa 'yan sanda a shingen bincike kawai, saboda haka suka riƙa karɓarta daga hannun 'yan kamasho da ke rakuɓe a bakin ofisoshin sabunta takardun mota, a kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna ɗauke da sunayen kamfanonin da babu su, ko kuma kamfanin yana nan amma kuɗin bai kai gare shi ba. Ranar da haɗari ya auku ne mai mota yake gane cewa araha ba ta ado, domin diyyar duka za ta dawo kansa, ga kuma laifin tuƙa mota ba tare da inshora ba.

Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta buɗe rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowane kamfani mai rajista yake shigar da lambar motar da ya yi wa inshora. Mai mota yana iya bincikawa ta intanet, ko kuma ya latsa *565*11# a wayarsa ya shigar da lambar motar. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewar inshorar ba su fito ba, sai ya koma wa wanda ya sayar masa tun kafin mota ta bar gareji. Bugu da ƙari, tun daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sandan Nijeriya ta ƙaddamar da tsaurara binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa. Har ila yau akwai ƙa'idar da ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka alƙawarin biya bayan an sayar da kaya ba ya kare kowa.

Sa'o'in Farko Bayan Haɗari

Domin a ga yadda waɗannan dokoki suke aiki, a ɗauka cewa wani ɗan kasuwa yana da motar a-kori-kura da yake jigilar dankalinsa da ita daga Bokkos, sai direbansa ya bugi wata ƙaramar mota a shatale-talen Mararrabar Jama'a, mutum ɗaya ya karye, dankali ya zube a kan titi. Abu na farko da ke kan direban shi ne ya tsaya ya ceci rai. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kuma kyauta ce. Hukumar, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988, tana da hedkwatar shiyya a Jos da ke kula da jihohin Filato da Binuwai da Nasarawa. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, saboda haka ba daidai ba ne a ajiye wanda ya ji rauni ana jiran takardar 'yan sanda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Jankwano, duk suna cikin wuraren da ake kai irin waɗannan majinyata.

Idan direba ya ga jama'a sun fusata har ransa yana cikin haɗari, abin da ya dace shi ne ya wuce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa. Wanda ya yi haka ya kai rahoto ne. Wanda ya ɓuya a gida ko ya bar gari kuwa ya ƙara wa kansa laifi, ya kuma raunana hujjar maigidansa a gaban kamfanin inshora. Ƙa'idojin hanya sun ba da sa'o'i 24 domin kai rahoton haɗari.

Kafin a janye motocin, ya kamata a ɗauki hotunansu a inda suka tsaya, a ɗauki sawun taya a kan kwalta, da lambobin motocin, da yanayin hanyar. A rubuta sunayen shaidu biyu ko uku da lambobin wayarsu, a kuma karɓi sunan kamfanin inshorar ɗaya motar da lambar takardarta. 'Yan sandan sashen kula da zirga-zirga za su auna wurin su yi zane, kuma za a nemi direbobin su sa hannu a kansa. Wannan zane yana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali, don haka kada direba ya sa hannu sai ya ga an nuna wurin da motocin suka haɗu daidai yadda ya faru. Wanda bai iya karatun boko ba yana da ikon neman a karanta masa bayaninsa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Daga nan jami'an duba lafiyar motoci za su gwada birki da taya da fitilu su rubuta nasu rahoton.

Akwai kuskure guda da ake yawan yi saboda kunya ko tsoro, watau direba ko mai mota ya ce laifinsa ne, ya kuma yi alƙawarin biyan komai. Jaje da kai majinyaci asibiti da zuwa gaisuwa duk halin kirki ne, kuma babu dokar da ta hana. Amma takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin cewa kada mai ita ya amsa laifi ko ya yi tayin biya ba tare da yardar kamfani a rubuce ba, domin kamfanin ne zai fitar da kuɗin. Wanda ya karya wannan sharaɗi ya ba kamfani hujjar yi masa gardama.

Shari'a Iri Biyu

Haɗari guda yana iya haifar da shari'a biyu, kuma kowace da hanyarta. Ta farko ita ce ta laifi, wadda hukuma take shigarwa a kan direba saboda tuƙin ganganci ko na sakaci. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci. Inshora ba ta ɗauke wa kowa tara ko ɗauri. A wannan mataki yana da kyau iyalan direba su san cewa beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40.

Ta biyu ita ce ta neman diyya, wadda wanda aka yi wa ɓarna ko magadansa suke shigarwa da kansu. A nan ne aljihun ɗan kasuwa yake shiga, domin ƙa'idar shari'a ita ce maigida yana ɗaukar alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. A misalin da aka kawo, ko da mai dankalin yana zaune a rumfarsa a Jos lokacin da abin ya faru, za a haɗa sunansa da na direban a takardar ƙara. Kotu takan raba diyya gida biyu. Akwai wadda ake lissafawa da rasit, kamar kuɗin asibiti da na gyaran mota da abin da mutum ya rasa na samu a kwanakin jinya, kuma wannan sai an kawo hujjarta dalla-dalla. Akwai kuma wadda alƙali yake ƙiyastawa saboda azaba da nakasa. Idan an tabbatar cewa wanda aka buge shi ma yana da nasa sakacin, alƙali yakan rage diyyar gwargwadon rabonsa na laifi.

Duk sammaci ko wasiƙar lauya da ta iso hannun mai mota, tilas ne ya miƙa ta ga kamfanin inshorarsa nan da nan. Haka shi ma mai ƙara, wajibi ne lauyansa ya sanar da kamfanin a rubuce cewa an shigar da ƙara, domin doka ta ɗora wa kamfani biyan abin da kotu ta yanke ne bisa sharaɗin cewa an sanar da shi a kan kari. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, kuma ƙarar neman diyyar haɗari tana cikin ayyukan da dokarta ta ba ta.

Sulhu Da Sharuɗɗansa

Yawancin ƙananan haɗurra a Jos ba sa kai wa kotu. Shugabannin tasha da na kasuwa, da masu unguwanni da malamai da limaman coci, su ne suke zaunar da ɓangarorin biyu su sasanta. Wannan hanya tana da sauri da sauƙin kuɗi, tana kuma kiyaye zumunci tsakanin mutanen da gobe za su sake haɗuwa a kasuwa. Sai dai sulhun da aka yi da fatar baki ba ya hana wani ya dawo bayan wata shida ya ce ƙafar ba ta warke ba. Saboda haka a rubuta yarjejeniyar, a ambaci adadin kuɗin da abin da aka biya dominsa, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Idan ana sa ran kamfanin inshora ne zai biya, to a shigar da shi cikin maganar tun farko. Idan kuwa an rasa rai, yafewar magada ba ta rufe shari'ar laifi da kanta, domin wannan tana hannun hukuma.

Shi ma wanda aka ji wa rauni, kada gaggawar karɓar abin da ya samu ta sa ya sa hannu a kan takardar da ta ce ya karɓi haƙƙinsa duka tun likita bai faɗi iyakar raunin ba. Karaya a cinya tana iya buƙatar tiyata ta biyu, kuma wanda ya riga ya sa hannu da wuya ya sami ƙari.

Neman Biya Daga Kamfani

Takardar inshora tana ɗauke da wa'adin sanar da kamfani, kuma mafi aminci shi ne a sanar a ranar da abin ya faru ko washegari, a rubuce, a riƙe shaidar cewa saƙon ya isa. Kamfani zai ba da fom a cika, zai kuma nemi kofin lasin direba, da takardun mota, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin gyara daga makaniki da mai gyaran jikin mota, da rahoton likita in akwai rauni, da takardar shaidar mutuwa in an rasa rai. Tsohuwar dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta sauƙaƙa wa masu ƙananan haɗurra, inda ta ce bayanin waɗanda abin ya shafa da na shaidu ya wadatar ba sai da rahoton 'yan sanda ba, matuƙar babu mutuwa ko mummunan rauni. Duk da haka rahoton yana yanke gardama idan direbobi biyu suna jifan juna da laifi.

Kada a kai mota Dilimi a fara sauya kayanta kafin mai ƙiyasin kamfani ya zo ya gani. Ɗan kasuwa yana ƙagara ne domin kowace rana da mota take ajiye asara ce, amma motar da aka riga aka gyara ta shafe hujjar ɓarnarta.

Ga mai cikakkiyar inshora, akwai ƙa'idoji uku da suke rage abin da zai karɓa. Ta farko ita ce inshora tana mayar da mutum inda yake kafin haɗari ne kawai, don haka idan aka sa sabuwar taya a madadin wadda ta riga ta suɗe, za a cire wani abu. Ta biyu ita ce akwai wani kaso na farko da aka rubuta cewa mai mota ne zai ɗauka da kansa. Ta uku kuwa ta shafi rage darajar mota domin a biya kuɗi kaɗan. Alal misali, motar da ta kai Naira miliyan 10 a kasuwa aka rubuta mata miliyan 6, idan ta yi ɓarnar miliyan 2, kamfani yana iya biyan kashi 6 cikin 10 kawai, watau Naira miliyan 1 da dubu 200. Tun da darajar Naira ta faɗi sosai daga tsakiyar 2023 kuma farashin motoci ya tashi, duk wanda yake sabunta inshorarsa a kan tsohon farashi ya faɗa cikin wannan rami bai sani ba.

Akwai kuma dalilan da suke sa kamfani ya ƙi biya gaba ɗaya. Daga cikinsu akwai direba marar lasin ko mai lasin da bai dace da girman motar ba, da yin kabu-kabu da motar da aka yi wa inshora a matsayin ta shiga, da lodin da ya wuce ƙima, da kuma ɓoye gaskiya a lokacin cika fom. Haka zalika wanda ya sayi mota hannu ya ci gaba da yawo da inshorar tsohon mai ita ba shi da kariya, domin yarjejeniyar da wancan aka ƙulla ta.

Idan an amince da adadin, kamfani zai ba da takardar sallama a sa hannu, kuma tsohuwar dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba shi kwana 90 daga nan ya biya. Wanda aka ja wa rai ko aka hana shi haƙƙinsa yana iya rubuta wa sashen karɓar ƙorafi na NAICOM, ya haɗa da kofin duk wasiƙun da aka yi musaya. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma ƙofar kotu tana nan buɗe bayansa.

Darasin Wata Uku

Babu abin da yake nuna muhimmancin wa'adi kamar shari'ar Adigun da Ayinde, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1993. Mai ƙarar ma'aikacin gwamnatin tarayya ne da ya sami mummunan rauni a 1978 a cikin motar ma'aikata da direban gwamnati yake tuƙawa. Ya daɗe yana jinya, bai shigar da ƙara ba sai a 1981. Kotu ta ce dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal domin shigar da ƙara a kan jami'in da ya yi kuskure a bakin aikinsa, saboda haka ƙarar ta faɗi tun ba a kai ga auna laifin direban ba.

Jos babban birnin jiha ne tun 1967, lokacin jihar Binuwai-Filato, ga kuma ma'aikatun tarayya da barikoki, don haka motocin gwamnati suna da yawa a titunanta. Duk ɗan kasuwar da irin wannan mota ta buge shi ko ta bugi motarsa, ya ga lauya a makon farko, ko da ana cikin maganar sulhu. Alƙawarin cewa ana duba fayil ba ya tsayar da lissafin kwanaki. Ƙarar da ake yi a kan mutum ko kamfani mai zaman kansa tana da wa'adi mafi tsawo, amma ita ma tana da iyaka, kuma shaidu suna mantuwa ko su bar gari.

Direba, Yaron Mota Da Ƙetare Iyaka

Inshorar mutum na uku ba a yi ta domin ma'aikatan mai mota ba. Direba da yaron mota da suka ji rauni a bakin aiki suna ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. Ɗan kasuwar da ke da motoci uku ko huɗu da direbobi na dindindin ya kamata ya sa wannan cikin lissafinsa, in ba haka ba jinyar direba da ciyar da iyalinsa za su fito daga jari.

Masu kai kaya ƙasashen maƙwabta kuma suna da katin inshora na ƙungiyar ECOWAS, wanda aka amince da shi a Kwatano a 1982, domin biyan diyya idan motar wata ƙasa ta yi ɓarna a wata. Sanarwar farashin 2023 ta haɗa wannan kati cikin kuɗin inshorar mutum na uku, saboda haka mai mota ya nemi nasa daga kamfani kafin ya tashi. Ga waɗanda suke ƙyamar inshora saboda dalilin addini kuwa, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, watau tsarin taimakekeniya da ya dace da shari'ar Musulunci, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda tsautsayi ya afka wa, a kuma raba musu rarar da ta saura. Takardar takaful ta mota tana cika sharaɗin doka kamar kowace inshora.

Lissafin Ɗan Kasuwa

A koma ga mai dankali. Idan inshorarsa ta gaske ce, Naira 20,000 da ya biya a shekara, watau ƙasa da Naira 55 a rana, za ta ɗauki gyaran motar da aka buga har zuwa Naira miliyan 5, ta kuma ɗauki diyyar wanda ya karye. Gyaran tasa motar da buhunan da suka zube suna kansa, sai fa in ya sayi cikakkiyar inshora da ta kaya. Idan kuwa takardar jabu ce, dukkan waɗannan huɗu za su hau kansa lokaci guda, motar tana tsare a ofishin 'yan sanda, manoman da suka ba shi kaya bashi kuma suna jiran kuɗinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya kamata kowane mai mota ya yi a wannan mako shi ne ya binciki lambar motarsa a rumbun NIID, ya karanta iyakar diyya da wa'adin sanarwa da ke cikin takardarsa, ya duba lasin kowane direba da ranar ƙarewarsa, sa'an nan ya ajiye kofin takardun a mota, na asali kuma a gida. Ya kuma rubuta wa direbobinsa lambar 122 da ta kamfanin inshora da tasa, ya umurce su da cewa in tsautsayi ya auku su fara da kai majinyaci asibiti, su kai rahoto, su ɗauki hoto, kada kuma su sa hannu a kan wata takarda sai sun san abin da ke cikinta.